A gina mana azuzuwan da yara za su iya zama a cikinsu da bazara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga masu ba da kwangilar gina makarantu a Jihar Zamfara.

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Gusau yakan haura digiri 40. Ajin da aka yi da bulon siminti, aka ɗora masa kwano babu silin, ga tagogi ƙanana, kafin azahar ya zama tanda. Ni malami ne, ina ganin yadda yara ke langaɓewa a kan benci, babu abin da ke shiga kansu. A wannan lokaci ne kuma sanƙarau ke yaɗuwa, cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana ƙara masa ƙarfi. Annobar 2017 Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta.

Na'urar sanyaya ɗaki ba ta talaka ba ce. Wuta ba ta tsayawa, janareta kuma ban da hayaƙin da yake turnuƙe unguwa da shi, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya fi ƙarfin aljihun makaranta.

A ƙauyen Gando na Burkina Faso, inda zafi bai gaza namu ba, wani mai zanen gini ɗan garin, Francis Kéré, ya gina firamare a 2001. Tubalin ƙasa ya yi amfani da shi, wanda aka gauraya da ɗan siminti aka matse. Kwanon kuma bai kwantar da shi a kan ɗakin ba, sai ya ɗaga shi a kan ƙarafa ya bar sarari, iska mai zafi tana fita ta sama, mai sanyi tana shiga ta tagogi. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini a duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Abin da ke ba ni takaici shi ne kakanninmu sun san rabin wannan ilimi. Duk wanda ya taɓa kwana a soro mai azara da katanga mai kauri ya san sanyinsa. Wahalar yaɓe duk shekara ce ta sa muka guje shi, ɗan simintin nan kuwa ita yake ragewa.

Azuzuwan da aka riga aka gina ma ba sai an rushe su ba. A Ahmedabad ta Indiya farin fenti ake shafa wa rufi don ya mayar da hasken rana.

Sai ruwa. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Ko da milimita 700 kawai aka samu a damina, rufi mai murabba'in mita 100 zai zubo da lita 70,000, wato jarka 2,800 irin ta 'yan ga-ruwa mai cin lita 25. Yanzu duk yana bin kwata. Indararo da tanki mai murfi za su tare wani kaso, a bar ruwan farko ya wanke ƙura, sauran a yi alwala da shi, a wanke ban-ɗaki, a shayar da itatuwan dogon yaro. Zamfara tana cikin jihohi 11 na shirin ganuwar itatuwa don tare kwararowar hamada, amma dashen da babu ruwa babu shinge abincin awaki ne.

Roƙona ga gwamnati da 'yan majalisar dokoki shi ne a gwada irin wannan gini a makaranta ɗaya a kowace ƙaramar hukuma 14, a rubuta ɗagaggen rufi da tanki da itatuwa a cikin takardar kwangila, kada a biya ɗan kwangila sai an gan su a tsaye. In Afrilu ya zo a sa ma'aunin zafi a sabon aji da tsoho, a kawo wa wannan jarida sakamakon ta buga.

Naka,
Wani malamin firamare,
Gusau.