Murar da ta hana ni kiran salla

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan mura, ciwon da muka raina har ba a zuwa dubiyar mai ita.

Ni ladani ne a wani masallacin unguwa a Zariya, shekarata 19 ina kiran salla. A hunturun da ya wuce, cikin Janairu, ranar da hazo ya sauka har ba ka hango bakin layi, na tashi kiran assalatu, na buɗe baki sai iska. Maƙogwaro kamar an zuba yashi, hanci a toshe, kai na sarawa. Ala tilas na miƙa wa wani ɗalibi lasifika, na koma gefe.

Kafin azahar kowa ya kawo tasa fassarar. Gwaggota ta ce kambun baka ne, yabon muryata ya yi yawa, ta aiko da turaren hayaƙi. Wani maƙwabci ya ce in binciki kaina, wataƙila laifi na yi Allah ya karɓe muryar. Wannan maganar ta tsaya min a rai, na kwana ina juyi. Mai kemis kuwa ko tambaya bai yi ba, ya ƙulla min kafso a leda, ya ce in dawo gobe a yi allura.

Da yamma 'yata ta zo, nas ce, ta kwashe kafson ta jefa a jakarta. "Baba, wannan ba ya taɓa mura," in ji ta. Ta ce wata ƙwayar cuta da ake kira bairos ke kawo mura, ire-irensa sun haura 200, shi ya sa in ka warke daga wannan wata ta kama ka. Kafson kuwa bakteriya, wata ƙwayar cuta daban, yake kashewa, kuma shansa ba dalili shi ke sa ranar da ake buƙatarsa ya ƙi ci. Abin da ya fi ba ni mamaki, ashe majinar da atishawar da ɗumin jikin duk garkuwar jiki ce ke yaƙi, tana kora baƙon waje. Yawanci kwana 7 zuwa 10 ta gama aikinta. Ta bar min farasitamol, ta sa aka dafa citta da lemon tsami da zuma, ta ce amma in numfashi ya fara wuya ko ƙirji ya riƙe, asibiti za mu.

Ina kwance ne na tuna abin da na sha ji a wajen karatu. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa babu gajiya ko ciwo ko damuwa da za ta sami Musulmi, har ƙayar da za ta soke shi, face Allah ya kankare masa zunubi da ita. A Muslim kuma, wani ya yi atishawa a gaban Annabi (SAW), ya ce masa yarhamukallah, da ya sake sai ya ce mutumin mura yake yi. Bai ce an jefe shi ba, bai ce laifi ya yi ba. To maƙwabcina daga ina ya samo tasa? Sai na ji hankalina ya kwanta, na bar jikin da Allah ya halitta ya yi aikin da aka halicce shi da shi.

Ƙorafina ga 'yan'uwana masallata ne. An ruwaito Annabi (SAW) yana rufe fuskarsa da hannu ko mayafi in zai yi atishawa. Mu kuwa a sahu mutum zai sake ta a ƙeyar na gabansa, ya share hanci da tafin hannu, ana sallamewa ya miƙo maka musabaha, ga tagogi duk a rufe saboda sanyi. Limamai su riƙa tunatarwa, ko hankici ne kowa ya riƙe.

Rana ta bakwai muryar ta dawo, a shaƙe dai, amma na kira magariba. Gwaggo har yau cewa take turarenta ne, ni kuma ban yi mata musu ba.

Naka,
Wani ladani daga Zariya