Dogo, na gama fuskar Kyaftin

Samaru, Zariya
Daren Laraba

Dogo, mutumina,

Assalamu alaikum. Ya Toronto, ya sanyi, ya amarya da ɗan yaronmu? Hajiya tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko a Kanada da mudu ake auna kiran waya, don rabon da ta ji muryarka tun ƙaramar salla. Ni ma ina da nawa ƙorafin, amma yau ba ranarsa ba ce. Hotunan wasanmu na Kano nake nema, waɗanda ka kwashe a tsohuwar kwamfutarka ka tsallake da su. Suna nan kuwa? Kafin ka amsa, albishirinka.

Na gama ƙera fuskar Kyaftin, jagoranmu na ƙwallon kwando a filin jami'a! Yanzu haka yana cikin NBA 2K23, gem ɗin ƙwallon kwando na kwamfuta, a kan teburina, da billensa, da tabon sallarsa, da kunnen nan na hagu da ya fi ɗan'uwansa buɗewa. Wallahi Dogo, shi ne.

Na san abin da za ka ce, wai ai hoto ne kawai na manna a ƙoƙon kai. Wannan aikin zamanin 2K14 ne, lokacin da kake cinye mana data a ɗakin Baban Gida kana sauko da fuskokin da wasu suka yi. Abin ya wuce nan yanzu. Kowane ɗan wasa a gem ɗin da lambarsa, fuskarsa kuma tana ƙunshe cikin fayil mai ƙarewa da .iff. Sai ka ciro kan wani wanda ƙirarsa ta yi kusa da mutumin da kake so, ka buɗe shi a Blender, manhajar ƙera siffofi a kwamfuta, ka yi ta turi da ja: ka faɗaɗa muƙamuƙi, ka sauke ƙashin gira, ka danne karan hanci. Sharaɗin kuwa, ba ka ƙara ɗigo ko ɗaya a ragar kan, ba ka ragewa, matsar da su kaɗai kake yi. A ƙashi kama take. In ƙashi bai zauna ba, ko wace irin fata ka shimfiɗa a kai, ƙanen mutumin za ka samu, ba shi ba. A wajen Kyaftin, komai yana idanu. Ka tuna fatar idonsa ta sama mai nauyin nan, da ke sa baƙo ya zaci barci yake ji har sai ya ƙwace masa ƙwallo? Da na sauke ta ta rufe saman ƙwayar idon kaɗan, sai na ga mutumin ya ɗago yana kallona.

Sannan fata. In ka warware ta a Photoshop, shimfiɗe za ka gan ta kamar fatar da majemi ya kafe a rana, kunnuwa can gefe da gefe, baki a tsakiya. Hawa uku nake yi wa aiki. Na farko launi ne zalla. Na biyu shi ke ɗauke da tudu da kwari, wato tamoji da ƙofofin gashi, shi ke gaya wa haske inda zai faɗa. Na uku na sheƙi ne, shi ke nuna inda gumi zai yi ƙyalli, goshi da kan hanci, da inda ba zai yi ba. Bille in ka zana shi da launi kaɗai, layin biro zai zama. Sai ka haƙa shi a hawa na biyu, yadda in ya juya ƙarƙashin fitilun fili inuwa za ta kwanta a ciki. Tabon salla kuma akasin haka, yana son ɗan tudu, a kuma rage masa sheƙi don busasshe ne.

Ka san wane haske ya fi kowanne kyau ga wannan aiki? Hazon hunturunmu. Na ɗauke shi da safe a bayan shagonsa na PZ, hazo ya lulluɓe rana, babu inuwa ko ɗaya a fuska. Hoton da ke da inuwa wahala ne, don sai ka bi ka goge ta, in ba haka ba gem ya ɗora tasa a kai fuska ta yi dabbare-dabbare. Na tsaya nesa na jawo shi da zum, saboda wayar da aka kusanto da ita kumbura hanci take yi ta ɓoye kunnuwa. Gaba, dama, hagu, da tsakankaninsu. Sai dai hunturu ya mai da shi furu-furu, dole yaron shago ya ruga ya samo man kaɗanya, ya shafa kaɗan, muka jira ya shiga jiki. Maƙwabtansa sun ɗauka takara zai tsaya.

Ranar Asabar na kai masa gida Hanwa. Gwiwar nan ta matsa masa, da sanda ya fito tsakar gida. Na jona laftof da talabijin, na sa shi cikin wasa, na miƙa wa babban ɗansa fad, abin sarrafa gem. Yaron bai san abin da na zo da shi ba. Kyamara na matsowa wajen jifan fanareti ya saki fad ɗin ya yi ihu, “Umma, Baba ne!” Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ce ita kunnen ta fara ganewa. Shi kuwa gogan bai ce uffan ba. Ya sa aka maimaita masa wani tsalle da ya yi ya dunƙula ƙwallo cikin kwando, a hankali, ya sake sa aka maimaita, sannan ya ce, “Amma ni ban taɓa barin hagu a buɗe haka ba.” Kyaftin ke nan!

Maimaitawar ma gwaji ce a wurina. Fuskar da ke tsaye tana yaudara. Sai ɗan wasa ya buɗe baki ya yi kururuwa za ka ga ko haƙora sun huda leɓe, ko ƙwayar ido ta ɓullo ta cikin fata, ko launin wuya ya rabu da na kafaɗa. Tasa ta tsallake duka.

Af, ka ji Baban Gida ya ƙara aure? A Tudun Wada aka ɗaura, ya zo da babbar riga da takalmin ƙwallo, wai ƙafarsa ba ta san wani ba. Mai shayinmu na bakin get ya sa sola, yanzu har cajin waya yake sayarwa, ya kuma ce bashinka na indomi yana nan a littafi, bai yafe ba. Kwangila kuwa cunkoson da ka sani.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda shi ya hana ni barin aikin nan, shi ne yadda ake yi wa baƙar fata. Duba fuskokin da ake rabawa na 'yan wasan Afirka waɗanda kamfanin bai ɗauki surarsu ba. Ko dai a mai da mutum ruwan toka, ko a sa shi ƙyalli daga sama har ƙasa, ko a ɗauko fuska ɗaya a canja mata gashi a raba wa mutum biyar. Mai yin haka bai taɓa zama ya ƙare wa fuskar baƙin mutum kallo ba. Ba launi ɗaya ba ce. Akwai ja-ja a kumatu, goshi ya fi duhu, ƙarƙashin ido da gefen baki kowanne da nasa, wankan tarwaɗa daban, baƙi mai sulɓi daban. Ka tuna dariyar da duniya ta sha a 2014, da 2K15 ya zo da ɗaukar fuska da kyamara yana fito da dodanni? Na'ura ta gyaru tun daga lokacin, amma har yau ba ta san bille ba. In mu ba mu yi namu ba, wa zai yi?

Kuma muna da waɗanda suka cancanta. Garin nan ne fa ya raini Masai Ujiri, a hannun koci Oliver Johnson ya koyi ƙwallo a filin ABU, ya je ya zama shugaban ƙungiyar Raptors ta Toronto, ya ɗauko mata kofin NBA a 2019. Kai da ke zaune a garin kofin, ko sau ɗaya ka shiga kallon wasa, ko har yanzu kuɗin tikiti kake juyawa zuwa naira? Burina yanzu in haɗa D'Tigers, 'yan ƙwallon kwandon Najeriya, na 2015, waɗanda suka doke Angola a Tunisiya suka ɗauki kofin Afirka, da Chamberlain Oguchi a gaba. Bayansu sai tawagar 2021 da ta ci Amurka 90 da 87 a Las Vegas. Olajuwon ba ya bukatata, yana cikin gem tun tuni da Rockets ɗinsa. Kafin su duka dai, mu bakwai ɗin nan na filin jami'a nake so in gama, kuma da fuskokinmu na samartaka, ba na yanzu ba, shi ya sa nake neman hotunan Kano.

Kawu ya same ni ina aiki, ya daɗe tsaye a bayana, sannan ya tambaye ni ko wannan bai shiga hukuncin sura ba. Na ce masa haske ne a gilashi, babu abin da aka sassaƙa. Ya ce in tambayi masana. Maganar ta zauna mini, zan kai ta wajen malaminmu bayan Juma'a, in ji abin da zai ce.

2K25 da ya fito a 2024 shi ne ya kawo wa masu kwamfuta irin zubin sababbin na'urori, fata da gashi sun fi kyau nesa ba kusa ba, amma ya haura gigabait 100 kuma laftof ɗina ba zai ja shi ba. In mai zuwa gida ya samu, ka haɗo shi da allon zane mai alƙalami, ko na hannu ne. Da mawus ake wahalar gashin gemu, ɗaya bayan ɗaya.

Taka fuskar ce ta gaba, don haka ka saurara. Ka sa amarya ta ɗauke ka a waje ranar da gari ya yi lumshi, ta tsaya nesa, ka cire hular sanyi da tabarau, kada ka yi murmushi, kada ka ɗaga haɓa irin na hoton fasfo ɗinka. Ka turo su a matsayin fayil, don WhatsApp matse hoto yake yi. Sanƙon kuma kada ka ɓoye shi, ni zan mayar maka da sumarka ta da.

Ka gaida amarya, ka shafa mini kan yaro. Ka kira Hajiya kafin Juma'a.

Naka,
Abokinka na Samaru