Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Muka Gano Kan Bakin Caji

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gyaran waya.

Bana an yi tarukan wata-wata yadda aka saba, an kuma yaye wasu daga cikin yaran shago. Amma abin da ya fi cin lokacin kwamitin horaswa shi ne ƙorafin nan da ya ishi kowa: ka gyara bakin caji yau, kafin wata ya zagayo mai waya ya dawo rai a ɓace.

Mun tara bakunan caji da aka cire, muka duba su a madubin ƙara girma. Ƙafafun da ke cikin bakin caji, wato siraran ƙarafan da wuta ke bi ta cikinsu, gaurayen jan ƙarfe ne, an lulluɓe shi da nikel, sannan zinare a sama, wanda galibi kaurinsa bai kai maikiron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashi ya ninka shi sau da yawa. Bakin USB-C na da ƙafafu 24, rabin milimita ne tsakaninsu, an kuma tsara shi ya jure sakawa da cirewa sau 10,000. Sai dai ba a aljihun ɗan acaɓa aka yi wannan lissafi ba. Ƙurar hunturu na shiga, duk sakawa sai ta goge zinaren kamar samfefa. Zufa ta biyo baya da gishirinta, ga wutar bolt 5 a kai, sai ƙarfen da ya fito fili ya fara narkewa, ya bar wannan kore-koren da muka sani. Tsatsar kan yi ɓawo da zai rage cin, amma gogayya ta kankare shi, sabon ƙarfe ya bayyana, a sake komawa farko. Shi ya sa ɓarnar gogayya da tsatsa a haɗe ta fi ta kowanne shi kaɗai nesa ba kusa ba. Masu ƙera cif, wato ƙwaƙwalwar na'ura, ma da wannan dabara suke daidaita fuskar jan ƙarfe da gangan, tun da kamfanin IBM ya fito da cif mai siraran layukan wuta na jan ƙarfe a 1997: sinadari ya yi ɓawo, garin silika, wato ma'adinin yashi, ya share.

Abin da ya fi damuna shi ne da hannunmu a ciki. Mun ga ƙafar da aka kankara da allura, layuka ne rututu, zinare ya tafi, nikel ya tsage. Wayar ta kama caji nan take, mai ita ya biya ya yi godiya, alhali mun buɗe wa tsatsa ƙofa.

Don haka taro ya amince a ajiye reza da allura. A kashe waya, a wanke bakin da sifirit na aisofurofil da burushi mai laushi, a bari ya bushe sarai. In zinaren ya riga ya tafi, a faɗa wa mai waya gaskiya, a canza. A kuma ja kunnensa kada ya jona caji da laima a ciki.

Horon bai kai ga shagunan bayan gari ba saboda madubi ɗaya muke da shi. Muna roƙon masu bashin kuɗin wata su biya kafin damina, a sayo na biyu.

Sakataren Ƙungiya