Motar lantarki: a fara da keke Napep, kuma a tambayi mai gyara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da abokan aikinku, Allah ya ƙara basira.

Ni mai gyaran wayar mota ne a Dilimi, nan Jos, mu ne ake ce wa 'yan rewaya. Na haura shekara 20 a wannan sana'a, kuma yara 6 ne ke koyon aiki a hannuna. Ranar Asabar da ta wuce muna gareji muka saurari muhawarar da kuka shirya kan motoci masu aiki da lantarki, tsakanin malamin jami'a da dillalin motoci daga Abuja. Mun ƙaru ƙwarai. Sai dai har aka rufe shirin gardamar ba ta bar wuri ɗaya ba: shin motar za ta kai mutum Abuja daga Jos ko za ta mace masa a daji? Wannan tambaya ce ta mai kuɗin sayen sabuwar mota, kuma amsarta ba ta da wuya.

Za ta kai shi. Daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi bai cika kilomita 300 ba. Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka kuma nuna ta a Abuja a farkon 2021, batirinta na ɗaukar yunit 64 na wuta, kuma masu ita sun ce tana cin kusan kilomita 480 a caji ɗaya. A rage mata saboda gudu da lodi da esi da ramuka, a ce 400 ko ƙasa da haka kaɗan, har yanzu da saura. Kuma mai gangara Hawan Kibo riba ma yake ci, domin idan ya ɗaga ƙafa daga totur injin ne ke riƙe motar, yana mayar da wuta cikin batir, birki kuwa yana hutawa. Duk wanda ya taɓa jin warin birkin tirela a wannan gangara ya san darajar wannan. A dawowa ne za ta biya bashin, tunda Jos tana bisa tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an isa. Zuwa da dawowa ya fi ƙarfin caji ɗaya, dole a jona. A soket irin na ɗaki, cika wannan batir zai ci kusan awa 30. Da na'urar caji ta gida mai ƙarfin kilowat 7, awa 9 zuwa 10, wato dare guda cur ba tare da an ɗauke wuta ba. Mai saurin nan da ake kafawa a bakin hanya tana kai shi kashi 80 cikin 100 a kusan awa ɗaya, amma ita kaɗai tana jan wutar da unguwa guda ke rabawa. Malamin jami'a ya yi lissafin kuɗi, kuma na bi shi da biro na ga gaskiyarsa: a farashin wutar Band A, wajen naira 210 kowane yunit, cika batirin bai kai naira 14,000 ba, alhali Corolla mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 32 a kilomita 400 ɗin da caji ɗaya ke ci, ko da lita ta tsaya a naira 900 an doshi 29,000. Lissafi ya fita. To amma Band A na nufin wuta awa 20 a rana, mu nawa ne a Gangare ko Unguwar Rogo ko Rikkos ke ganin haka? Ba mu manta ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace muka kwashe sama da mako cikin duhu, masu cajin waya a Terminus suka koma kamar masu rabon zakka saboda layi. Da a ce abincin mutum a jikin motar lantarki yake a wannan makon, da ya kwana da yunwa.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a manta da zancen. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, ina ganin yadda 'yan keke ke shigowa garejinmu. Mutum ya fita tun asuba, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Terminus da Farin Gada da Bauchi Road, da yamma ya cire kuɗin mai, ya cire balas na mai keke, abin da zai kai gida bai taka kara ya karya ba. Wannan bawan Allah shi ya fi kowa buƙatar lantarki, kuma abin hawansa ne ya fi dacewa da ita. Ba ya zuwa Abuja. Hanyarsa ɗaya ce kullum, kuma a wuri ɗaya yake kwana. Batirin keke bai kai kashi ɗaya cikin biyar na batirin Kona ba, ana iya cika shi da sola a rumfa ɗaya, ko a cire wanda ya ƙare a sa cikakke cikin 'yan mintoci, kamar yadda ake yi wa babura a Ruwanda da Kenya da Jamhuriyar Benin. Indiya, wadda daga can ake kawo mana Bajaj da TVS, fiye da rabin kekunan da ake saye sababbi a can yanzu na lantarki ne. Ko a nan gida, a Maiduguri Mustapha Gajibo ya nuna ana iya cire injin ƙaramar bas a sa mata batir ta yi jigila cikin gari. Kuma Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa ya kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Irin wannan tasha nake son in gani a bakin tashar keke, inda za a yi ta amfani da ita daga safe har dare.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, wanda baƙinku biyu suka taɓa sama-sama suka wuce. Dillalin ya ce kamfanonin ƙera waɗannan motoci asara suke tafkawa, malamin ya ce wannan matsalar masu hannun jari ce, ba tamu ba. Da girmamawa nake cewa, Malam, tamu ce, kuma a gareji ake gane haka.

Tesla an kafa shi a 2003, bai ga ribar shekara cikakkiya ba sai 2020. Ribar ma dala miliyan 721 ce, a shekarar da ya karɓi kusan dala biliyan 1.6 daga wasu kamfanonin mota da ke sayen takardun rage hayaƙi a wurinsa don cika dokar ƙasashensu. Ford, da duk tsufansa a harkar, sashen lantarkinsa ya yi asarar dala biliyan 4.7 a 2023, ya ƙara kusan biliyan 5 a 2024. Fisker kuwa ya durƙushe a watan Yunin 2024, waɗanda suka sayi motocinsa suka wayi gari da mota a ƙofar gida ba kamfanin da zai aiko musu kayan gyara. Wanda ya tsaya da ƙafarsa sosai shi ne BYD na ƙasar Sin, kuma dalilin a fili yake: da batir ya fara sana'a a 1995, shi ke ƙera abin da ya fi komai tsada a jikin motar. A bayansa akwai tarin ƙananan kamfanoni a Sin ɗin da ke ta karya farashi don su rayu, kuma da yawansu sun riga sun rufe.

Me ya haɗa wannan da Dilimi? Mota ba ranar saye ake sanin ta ba, sai ranar da ta lalace. Fijo 504 ta yi zamani a ƙasar nan saboda tun 1975 ana harhaɗa Fijo a Kaduna, kayanta na ko'ina, kowane bakanike ya san cikinta. Toyota ta gaje ta a kan wannan dalili. Yau ka kawo mini Corolla ko wace iri, kafin la'asar yaro ya zagaya layi ya samo abin da ya mutu. Motar lantarki ba ta da filogi, ba baƙin mai, ba salansa, ba kuloci, wannan gaskiya ne kuma sauƙi ne babba. Amma kwamfuta ce ke tafiyar da ita, kuma sau da yawa kamfanin ne kaɗai ke riƙe da mabuɗin kwamfutar. Ranar da kamfanin ya mutu, wanda ya tara kuɗin shekaru ya saya ya zama mai gadin ƙarfe.

Tsoro na biyu ya fi wannan kusa. Mu ba sababbin motoci muke saye ba, 'yan Kwatano muke saye, masu shekara 10 ko fiye. Garantin batir a yawancin kamfanoni shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Ke nan motar za ta iso mana daidai lokacin da mai ita na farko ya ga alamar rauni ya rabu da ita. Tsohon inji muna jin ƙararsa, muna duba hayaƙinsa, mu gaya wa mai saye gaskiya. Tsohon batir shiru yake, fenti na ƙyalli, sai an hau hanya a ga kilomita 300 sun koma 150. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wannan bawan Allah ba a gaya masa rariya ce ba. Zafi kuma yana cin batir. Nissan Leaf ta farko, wadda ba ta da ruwan sanyaya batir, ta sha wahala a jihar Arizona mai zafi a Amurka. Sanyin Jos zai yi mata sauƙi, amma a tuna da Abuja a watan Maris, balle Sakkwato.

Abin yana mini ciwo ta wata fuskar. Mu 'yan Jos a gefen kududdufan kuza muka tashi, ramukan da aka bar mana bayan an kwashe arzikin an yi waje da shi, har yau suna cin yara. Yanzu ga dutsen litiyam da ake yin batir da shi ana haƙa a jihar Nasarawa, maƙwabtanmu, har an buɗe masana'antar tace shi a 2024. Kada a kwashe dutsen sabo, a dawo mana da shi a matsayin mataccen batir da ba mu san inda za mu zubar ba.

Sai maganar yarana. Wayar da muka saba taɓawa bolt 12 ce, in ta ja ka sai dai ka yi tsaki. Wayoyin nan masu launin lemo a motar lantarki suna ɗauke da kusan bolt 400, kuma taɓawa ɗaya ta isa. An riga an fara kawo mana masu haɗin fetur da batir irin su Prius, kuma na hana kowane yaro kusantar su sai ina tsaye. Ni kaina da tambaya da kallon bidiyo a waya na koyi yadda ake kashe wutar kafin a sa hannu, da safar hannun da ake sawa. Akwai gareji nawa a Farin Gada da Bukuru da Apo da ba wanda ya gaya musu? Wutar batirin litiyam kuma in ta kama, bokitin ruwa da yashi ba sa kashe ta.

Don haka ina roƙon ku sake shirin, Edita, ku kira shugabannin 'yan keke da na makanikai su zauna da jami'an hukumar ƙera motoci da na kwastan. A tambaye su ko za a wajabta takardar gwajin lafiyar batir kafin tsohuwar motar lantarki ta shigo ƙasa. A tambaye su ko duk mai shigo da sabuwa za a sa shi ya ajiye kayan gyara ya kuma horar da masu gyara a garuruwan da yake sayarwa. A tambayi gwamnatin Filato ko za ta gwada tashar sola guda ɗaya ta musayar batir a Terminus, da keke 50 kacal, a ga abin da direba zai riƙa kaiwa gida bayan wata 6. Idan za a yi horon, garejina na nan, kuma yarana 6 ne za su fara rubuta suna.

Na gode da wannan fili. Allah ya bar zumunci.

Naku mai sauraro a kullum,
Mai gyaran wayar mota,
Dilimi, Jos