Takardar Koke Kan Saƙon Waya na Masu Juna Biyu da Masu Jego

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagacinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani, ya kare ka daga sharrin maƙiya. Mu ne talakawanka, mata da magidanta da ungozomomin ƙauyukan da ke gabashin gundumarka. Mun san ba a ɗaga wa uba murya, kuma ba mu ɗaga ba. Kuka muka kawo, don tura ta kai bango.

Daren Larabar da ta wuce mun rasa yarinya, cikinta na fari, wata takwas. Kwana huɗu ƙafafunta da fuskarta a kumbure, zoben hannunta ya ƙi fita, kai na sara mata, tana ganin dishi-dishi. Tsofaffin gidan suka ce nauyin ciki ne, zai sauka. Bayan isha'i jijjiga ta kama ta. Kafin a samo a-kori-kura, kafin a ratsa hanyar nan da ka sani, rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta.

Mijinta yana cirani a Legas, bai samu jana'iza ba. Ranar sadakar uku ya ciro wayarsa ya miƙa wa wani ɗan sakandare, ya ce akwai saƙonnin da ke ta shigo masa da Turanci, bai san na mene ne ba. Yaron ya karanta ya fassara a gaban jama'a. Ɗaya daga ciki cewa yake, idan mai ciki ta ga kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira. Saƙon ya fi mako biyu a wayar. Ranka ya daɗe, wurin nan ya yi tsit, sai kukan uwarta daga cikin gida.

Mun yarda da ƙaddara, kowa da ranarsa. Amma gargaɗin ya zo. Ya zo da harshen da ba ma ji, ya sauka a aljihun mutumin da ke can Kudu.

Da ba haka abin yake ba. Lokacin da aka fara rubuta lambobin mata a wurin awo, da Hausa saƙon ke zuwa, kuma mun ga amfaninsa. Yana tuna wa mace ranar komawa awo, da shan maganin ƙarin jini, da Fansidar na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da allurar tetanus. Bayan haihuwa ya tuna mata rigakafin jariri na ranar haihuwa, na sati 6, sati 10, sati 14, da na ƙyanda a wata 9. Ta nan da yawanmu suka fara jin cewa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da awo sau takwas maimakon huɗu. Har mazan da ke hana fita sukan sassauto idan aka nuna musu a rubuce.

Sai abu ya fara lalacewa. A 2024, da aka rufe layukan waya da ba a haɗa da NIN ba, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, layukan mata da yawa suka tafi, domin galibinsu ba su da katin. Ba wanda ya dawo ya sake rubuta su. Sababbin masu zuwa awo kuwa, lambar miji ake karɓa a wuce wurin, ba a tambayar ko yana gari. Daga baya Hausar ma ta ɓace. Mun yi magana a ɗakin shan magani, aka ce daga sama ne. Mun faɗa a taron kwamitin mazaɓa, mun aika wakilai sakatariya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har mun daina ƙirgawa. Kullum amsar ita ce za a duba.

Don haka muke roƙon ka, Allah ya taimake ka, ka kira shugabannin lafiya na ƙaramar hukuma gabanka, su faɗa maka wa ya mayar da saƙon nan Turanci, kuma don wa. A dawo mana da shi da Hausa. A haɗa da saƙon murya, domin iyayenmu mata da yawa ajami suka iya, wasu ko shi babu. A karɓi lamba biyu ga kowace mai ciki, tata da ta wanda ke kwana gida ɗaya da ita, ko ta ungozomar unguwa. A bi gida-gida a sake rubuta waɗanda layinsu ya rufe. A ba mu lambar da za a kira cikin dare a samu mai ɗauka, don saƙon da ke cewa a je asibiti bai faɗi wace mota za a hau ba. Ka kuma umarci limamai da masu unguwanni su faɗa wa maza cewa duk saƙon da ya shigo kan iyalinsu su nemi mai karantawa a ranar.

Muna sake roƙo, ranka ya daɗe, ko ba a yi komai ba, a mayar da shi Hausa. Yanzu haka akwai masu tsohon ciki a gidajenmu, ga damina ta kusa, hanya za ta yanke.

Allah ya ƙara maka nasara da tsawon kwana.

Mu ne masu biyayya gare ka,
Mata, magidanta da ungozomomin ƙauyukan gabas. Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu na haɗe da wannan takarda.