A kula da farfelar injin kwale-kwale

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba ni fili in ja hankalin matasanmu na Damagaram da ke tafiya aikin jirgin ruwa a Kwatano da Legas. Ruwan gishiri ba irin na tafkin Gidimuni ba ne. Farfelar da ta yi makonni a cikinsa sai ƙananan halittu masu ɓawo kamar na katantanwa su manne mata. Daga nan jirgi ya rage gudu, ya riƙa jijjiga, inji ya yi ta shan mai.

Kafin a cire farfela don tsabtace ta, a kashe inji a cire wayar fulogi. A tokare farfela da katako, a zare fil, a kwance noti. A kankare da katako ko roba mai tauri, kada a sa buroshin ƙarfe, domin dauɗa ta fi kama inda aka karce. Farin ɓawon da ya rage, ruwan khal na narkar da shi in an jiƙa na awa 1 zuwa 2, sannan a ɗauraye. Asid mai ƙarfi kuwa cin farfelar alminiyam yake.

Abin da aka fi mantawa shi ne zaren kamun kifi da ke naɗewa a sandar da ke juya farfela, ta bayanta. Yana yanka robar da ke tare man giyar inji. In man ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga ke nan.

Fenti mai tagulla ba na alminiyam ba ne, zai ci shi. Guntun zinkin da ke jikin inji kuma, wanda ruwan gishiri ke ci a maimakon injin, ba a yi masa fenti. In rabinsa ya cinye, a canza. A shafa giris a sanda kafin a mayar da farfela.

Wani makanike, Damagaram