Lauyan da kuka kawo ya ce mu yi haƙuri

Malam Edita, assalamu alaikum.

Lauyan nan da kuka kawo a shirinku na daren Talata ya ɓata mini rai, kuma har yau da nake rubuta wannan wasiƙa ban huce ba. Bawan Allah ya bugo waya daga Funtuwa yana kukan sabuwar motarsa ta koma gareji sau uku, amsar da aka ba shi ita ce ya duba takardar garanti, abin da ke ciki shi ne iyakar haƙƙinsa, sauran kuma sai haƙuri. Mai gabatar da shirin ma ya ce "haka ne, Barista", aka wuce. Haba Malam! Wane irin haka ne?

Ni abin a kaina ya faru. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, da aka biya ni garatuti na haɗa da kuɗin filin da na sayar na je Kaduna na sayi mota sabuwa gal a leda. 'Ya'yana sun so in sayi 'yar Kwatano in rage kuɗi, na ƙi, na ce na gaji da zaman gindin bakanike. Ko ledar kujeru ban cire ba, a mako na uku, giya ta ƙi shiga a Mararrabar Jos, ga uwargida da jikoki biyu a baya za mu ɗaurin aure. Wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari, mota ta yi ta gurnani ba ta motsi. 'Yan talla ne suka tura mu gefen titi, har wani yaro mai rake yana tambayata wai ba sabuwa ba ce, Baba?

Na mayar wa waɗanda suka sayar mini, suka ce kwamfutar motar ce, sun saita. Kwana goma ta sake. Suka ce man giya ne. Karo na uku suka ce akwai wani ƙarfe da za a turo daga Legas, in kawo ta jibi, in kawo ta mako mai zuwa, manaja ya yi tafiya, kaya suna kan hanya. Kullum da fara'a, har da lemo mai sanyi ake ba ni. Ashe kwanakina ake cinyewa.

Don kuwa akwai doka, wadda lauyanku ko sunanta bai ambata ba: dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar da ke kare haƙƙin masu saye. Sashe na 132 ya ce cikin wata uku da karɓar kaya, idan ba su da ingancin da ya kamata, mai saye yana da ikon mayar da su ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar a wuyan mai sayarwa take. Shi kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Wannan haƙƙi ba daga takardar garanti ya fito ba, kuma rubutun nan da ake yi a ƙasan rasit, wai kaya idan sun fita ba sa dawowa, ba ya soke shi. Ni sai da wata huɗu suka wuce wani tsohon ɗalibina ya nuna mini. Da a mako na uku na sani, da wasiƙa zan rubuta musu mai kwanan wata, in sa a buga mini hatimin karɓa, in ajiye makulli a teburin manaja, in sun ƙi in kai ƙara hukumar.

Tambayar da mutumin Funtuwa ya yi, wadda aka ƙi amsawa, ita ce: gyara sau nawa ne gyara? A jihar Kalifoniya ta Amurka an ƙayyade: cikin wata 18 na farko ko mil 18,000, idan an gwada gyaran matsala ɗaya sau huɗu ba ta gyaru ba, ko mota ta yi fiye da kwana 30 a gareji, doka na ɗaukar ta a matsayin wadda ya kamata kamfani ya canza ko ya biya. Tawa ta yi kwana 47, ina da lissafin a bayan kalanda.

Sannan don Allah, tallan maganin basir ɗin nan da kuke sakowa sau huɗu a shirin minti talatin, ku rage. Ranar ma a tsakiyar maganar mai kira kuka yanke, kuma layinku na buga ya fi sau ashirin bai shiga ba.

Ku dawo da shirin, ku kawo wanda zai zo da dokar a hannu ya karanta sashen da Hausa, ku nemo mutumin Funtuwa kafin wata ukunsa su cika. Tawa motar tana can Kaduna, ƙarfen bai iso daga Legas ba, yau ma a Keke Napep na je masallacin Juma'a.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, Zariya